Ranar da na ce amin a kan kaina

Ba zan taɓa mantawa da abin da Isufu ya yi mini ba, ko ƙasa ta rufe idona. Ya zo gidana, ya sha shayina, ya kwashe maganata ta kwana uku a cikin na'ura, ya je ya cire sunan ubana daga ciki, ya tsaga ni biyu kamar goro, sannan ya tsaya gaban jama'a a jami'a ya ce ba zai iya cewa ni ne ba. Laifinsa ke nan. Nawa laifin ma yana nan, kuma zan faɗe shi, don ni yanzu ba ni da sauran abin ɓoyewa. Wanda ya riga ya yi tsirara a kasuwa, ba ya jin kunyar cire hula.

Bari in fara da ubana, tun da shi ne dalilin komai. Sunansa Malam Idi Mai Zaure. Ku maimaita shi, don ba za ku same shi a littafi ba. A tsohuwar Zangon Wagadugu, tun kafin a rushe ta, duk baƙon da ya sauka tasha daga Maraɗi ko Tawa ko Sakkwato, ba shi da kowa, abu ɗaya ake ce masa: "Tambayi gidan Idi." Baba ya ba shi tabarma, ya ba shi tuwo, ya nemo masa wurin aiki, in ya tashi aure ya tsaya masa a matsayin uba. Zauren gidanmu bai taɓa sanin kwaɗo ba. Ni kaina na girma ban san ɗaki nawa ne namu ba, ɗaki nawa ne na baƙi.

Cikin waɗannan baƙi akwai uban Isufu. Da tabarma ɗaya ya zo da butar ƙarfe. Shekara huɗu ya yi a zaurenmu, Baba ya aurar masa da wata Bamoshiya, 'yar ƙabilar Moshi, daga unguwar Tiendpalogo, aka haifi Isufu a ɗakin da ke kusa da rijiyarmu. Benci ɗaya muka zauna da shi a lakwal, wato makarantar boko (na girme shi da shekara biyu, amma na tsaya na jira shi a aji uku, saboda ni mutum ne mai zumunci). Shi ya wuce, ya wuce, har ya tafi ƙasar Turawa ya dawo ana ce masa Dokta. Ni kuma jarrabawar aji shida ta kayar da ni sau biyu, na uku ban je ba, na bi mota. Yau shekara talatin da wani abu ina tuƙi.

Da hukuma ta ce za ta rushe unguwar a yi manyan benaye, an yi kuka, an yi zanga-zanga, an yi addu'a, aka rushe. Aka watsa mu. Wasu suka koma bayan gari inda aka yanka musu fili, wasu unguwar Tampouy, mu kuma muka taru a inda muke yanzu muka ci gaba da ce masa Zango, don Bahaushe duk inda ya shimfiɗa tabarma Zango ne. Baba bai cika shekara ba bayan haka. Ba ciwo ya kashe shi ba. Zama ne a ƙofar gida daga safe zuwa yamma ba wanda ya zo ya ce salamu alaikum, ina neman gidan Idi.

Yau in ka tsaya inda zaurenmu yake, banki ne ko otal, ni ban sani ba, mai gadi ba ya bari in matsa. 'Ya'yana ba su san wurin ba. Yaran Zango na yanzu in ka ce musu Malam Idi, sai su ce wanne, mai sayar da katin waya? Abin da ke cina ke nan shekara da shekaru, kuma shi Isufu ya zo ya taɓa.

Wata Asabar ya zo da babur, da jaka a kafaɗa. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni, ba zan yi masa ƙarya ba.

"Yaya, muna wani bincike ne a jami'a, mu da wasu abokan aiki na ƙasashen waje. A kan haƙƙin ɗan Adam da dimokuraɗiyya. Yadda ake tashin talakawa daga gidajensu ba a tambaye su ba. Littafi za mu yi, duniya ta karanta. To na ce ba wanda ya san labarin Zango kamarka."

Ban san ko kun taɓa ganin kan mutum yana kumbura ba. Nawa ya kumbura har hula ta matse ni.

Na ce, "Isufu, ni abu ɗaya nake so. Baba ya shiga littafin nan."

Ya ce, "Za a ji muryar Baba, Yaya. Na yi maka alkawari."

Murya ya ce. Ni kuma suna na ji, don shi nake son ji. Sannan ya fito da wata takarda mai shafi biyu da Faransanci, ya ce sai na sa hannu kafin ya kunna na'ura. Ya ce, "In karanta maka in fassara?" Nan ne shaiɗan ya zauna mini a kafaɗa. Wai ni yaron da na koya wa hawan keke zai karanta wa takarda, a gaban matata tana kawo ruwa. Na ce, "Kai, benci ɗaya fa muka zauna." Na karɓa, na sa tabarau (na matata ne, na zura allura), na bi layi da yatsa ina gyaɗa kai, na gane kalma kamar bakwai, na rattaba hannu da wutsiya mai lanƙwasa kamar ta minista. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana. Ni nawa rawanin har da kunne biyu.

Kwana uku yana zuwa bayan azahar. Na ba shi labarin zaure, na baƙi, na ranar da jandarmomi suka zo da jan fenti suna sa wa bango alama. Na ba shi labarin kwaɗo: ranar da za mu tashi, Baba ya je kasuwa ya sayo kwaɗo sabo fil, ya kulle zauren da bai taɓa kullewa ba, gidan da ya san jibi katafila za ta taka shi, ya sa makullin a aljihu. Da wannan makulli a aljihunsa ya rasu. Isufu ya cire tabarau ya share ido. Na ji daɗi, wallahi. Na ce a raina, to, na iya labari.

A rana ta uku, a shayi na uku, bakina ya ci gaba da tafiya ba birki. Na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har matata.

Lokacin rusau ba ni da aiki, matata tana da cikin fari. Wani ɗan kwangila yana neman direbobin ben, wato manyan motocin kwasar ƙasa, don a kwashe ɓaraguzan unguwa bayan katafila ta gama. Na je. Na ce wa kaina ai mutane sun riga sun watse, ƙasa ce kawai, kuma can ɓangaren kasuwa za a sa ni. Kwana biyu haka ne. Rana ta uku shugaban aiki ya nuna mini layinmu. Na naɗe fuskata da rawani kamar Buzu, na ja mota da baya har bakin rijiyarmu. Sawu shida na yi da gidan ubana. A sawu na huɗu na ga ƙyauren zaure a cikin ƙasa, kwaɗon yana jikinsa, a kulle. Na kai na juye. Da yamma na sayo wa Baba tsire da kuɗin, ya ci ya sa mini albarka.

Da na gama sai tsoro ya kama ni. Na ce, "Isufu, wannan fa tsakaninmu."

Ya ce, "Yaya, ba wanda zai taɓa sanin kai ne."

Na ɗauka cewa ya yi ba zai rubuta ba. Kun ga irin kwanyar da ta kasa aji shida.

Shekara biyu shiru. A cikin shekara biyun nan ba wanda ban faɗa wa ba. Tasha, majalisar shayi, bakin masallaci, wajen suna, wajen jana'iza. "Malam Idi zai shiga littafin Turawa." Akwai wani Alhaji Bawa, mai shagon kayan mota a unguwar Paspanga, mutum ne da in ya yi maka sannu sai ka duba aljihunka. Duk Juma'a sai ya tare ni: "Marubuci, ya littafi? Ko takarda ce ta yi tsada?" Ina haɗiyewa, ina cewa rana ba ta ƙarya.

Sai ga katin gayyata. Za a ƙaddamar da littafi a babban ɗakin taro na jami'a, ƙarfe tara na safe, kuma Isufu ya rubuta da hannunsa a baya: a zo da dattawan Zango. Na ɗinka shadda ruwan ƙasa mai aiki har cibiya. Na roƙi maigidana ƙaramar bas ɗin da nake tuƙawa, ya ba ni rabin yini. Na ɗauki Liman. Na ɗauki dattawa biyar da suka taɓa kwana a zaurenmu. Na je har Paspanga na ɗauko Alhaji Bawa da kaina, na buɗe masa ƙofar gaba, don ina so kunnensa ya kasance kusa da lasifika. Sannan na bi ta Tampouy na ɗauko Yaya Dije, babbar yayarmu, wadda ta yi jinyar Baba har ƙarshe. Ta fito da hotonsa ɗaya tilo a naɗe cikin ɗankwali, ta ce, "In an kira sunansa sai in ɗaga, mutane su ga fuskar."

Ɗakin taron sanyi kamar wurin ajiye gawa. An rataya ƙyalle mai rubutu, an jera ruwan roba, ga wasu Turawa a jikin bango cikin allo suna kallonmu daga ƙasashensu, ɗaya ma yana shan abu a kofi. Aka sa mu layin gaba. Masu hoto suka yi ta haska mu, musamman Liman, saboda rawaninsa. Wata Baturiya mai farin gashi, ita ce shugabar binciken, ta yi magana kusan awa guda. Abin da na tsinta shi ne dimokuraɗiyya ba jefa ƙuri'a kaɗai ba ce, sai an ba marasa murya murya. Na gyaɗa kai sosai. Liman ma yana gyaɗa kai, amma shi barci yake yi.

Sai Isufu ya tashi cikin kwat. Ya ce zai karanta shaida biyu daga littafin, da Faransanci, sannan ya mayar da Hausa saboda iyayensa na Zango da ke zaune. Aka tafa. Na gyara zama, na taɓa Alhaji Bawa da gwiwar hannu.

Ya ce, "Ta farko, shaidar wani da muka kira Musa, direba."

Ban kawo komai a raina ba. Musa direba sun fi ɗari a Waga. Sai na ji: "Na naɗe fuskata da rawani kamar Buzu."

Jama'a, a cikin wannan sanyi zufa ta karyo mini. Maganata ce, kalma bayan kalma, har da tsiren. Ya cire kwaɗo, ya cire rijiya, ya cire duk abin da zai nuna layinmu, amma sawu shidan nan suna nan ba wanda ya ɓace. Da ya mayar da Hausa, layin gaba ya ɗauki salati. Liman ya wartsake. Wani dattijo ya ce, "Ɗan Zango? Da hannunsa?" Alhaji Bawa ya ce da ƙarfi, "Wannan ba ɗan halak ba ne." Yaya Dije ta rungume hoton Baba ta ce, "Allah ya isa tsakaninmu da shi, ko waye. Allah ya tona asirinsa tun a duniya."

Duk layin suka ce, "Amin."

Ni kuwa ina kallon takalmina. Alhaji Bawa ya juyo: "Kai ba ka ji addu'a ba ne? Ko abokin sana'arka kake karewa?"

Na ce, "Amin."

"Ban ji ba."

Na ce, "AMIN!" har wata ɗaliba a bayanmu ta firgita. Na kuwa shafa fuska da hannu biyu. Ban taɓa ganin addu'ar da aka amsa da sauri kamar wannan ba. Ko minti goma ba ta yi a hanya ba.

Isufu ya juya shafi. "Ta biyu, shaidar wani da muka kira Bubakar, tela, ɗan wani mai masauki da muka kira Malam Hasan."

Ya karanta zaure. Ya karanta tabarma da tuwo da auren baƙi. Ya karanta kwaɗo sabo fil, da makulli a aljihu. Baturiyar nan har tana share hanci. Yaya Dije ta kwance ɗankwali rabi, ta tsaya, ta kalle ni.

"Wannan ai Baba ne. Wane ne kuma Malam Hasan?"

Alhaji Bawa ya ce, "Wataƙila a shafi na gaba ne sunan yake, Hajiya. Mu jira. Shekara biyu muka yi muna jira, me ye minti biyu?"

Ba shafi na gaba. Isufu ya rufe littafi, aka tafa, aka ce masu tambaya su ɗaga hannu.

Mai hankali da ya yi shiru. Mai hankali da ya ce wa Yaya Dije kuskuren maɗaba'a ne, ya kwashi mutanensa ya tafi gida, ya tari Isufu daga baya. Ni kuwa na ɗaga hannu har hammatar shaddata ta yi ƙara. Wata mata ta kawo mini makirfo. Na fara da Faransanci, don su san ni ma na shiga aji. Jimla ɗaya da rabi ta ƙare mini kamar mai a tsakiyar daji. Na koma Hausa.

Na ce, "Wannan labarin na zaure nawa ne. Ni na faɗe shi. Ubana ba Hasan ba ne, sunansa Malam Idi Mai Zaure, ga hotonsa. Isufu, faɗa musu."

Isufu ya gyara tabarau. Bai kalle ni ba, tebur ya kalla. Ya ce da Faransanci, sannan da Hausa, a hankali kamar mai karanta takardar kotu: "Ka'idar bincikenmu ba ta ba ni damar in ce wane ne ya ba da wace shaida ba. Ba zan iya cewa shi ne ba, ba zan iya cewa ba shi ba ne. Don kare mutane muke yin haka."

Na ce, "Kare ni daga wa? Ga ni tsaye!"

Alhaji Bawa bai buƙaci makirfo ba, Allah ya ba shi nasa. "Kai, zauna! An ce tela. Tun yaushe ka zama tela, kai da ko maɓallin rigarka sai matarka ta ɗinka? Duk gidan Zango da zaure, duk uban kowa ya sayi kwaɗo. Labarin wani ka ji ya yi daɗi za ka hau?"

Dariya ta tashi daga layinmu, ta bi ta kan ɗaliban da ke jin Hausa, ta isa har ga waɗanda ba sa ji. Baturiyar ta tambayi abin da ake ciki, aka raɗa mata, sai ta yi murmushi ta yi wata magana mai taushi. Isufu ya fassara, muryarsa ƙasa-ƙasa: wai ta ce wannan shi ne ƙarfin irin wannan shaida, mutane da yawa sukan ga kansu a cikinta.

Sukan ga kansu a cikinta. Ubana ne fa. Makullin nan yana cikin akwatina a gida.

Matar makirfo ta miƙo hannu za ta karɓa. Na riƙe. Idona ya rufe. Abu ɗaya kawai nake nema a duniya a wannan lokacin: hujjar da za ta toshe bakin Bawa, abin da ba wanda zai sani sai wanda ya zauna gaban na'urar nan. Kuma na samo shi. Baki shi ke yanka wuya.

Na ce, "To in ba ni ba ne, ya aka yi na san abin da ya cire? Ya cire rijiya! Ya cire cewa a sawu na huɗu direban ya ga ƙyauren zaure da kwaɗon a jiki! Kwaɗon tela da kwaɗon direba ai guda ne! Ba wani Bubakar, ba wani Musa, mutum ɗaya ya tsaga biyu! Duk ni ne! Direban ma ni ne!"

Na ji muryata ta fita ta lasifika huɗu, ta daki bango, ta dawo mini.

Kun san abin da ya biyo baya? Tafi. Waɗanda ba sa jin Hausa sun ga dattijo cikin shadda yana magana da zafi, hawaye a fuska, suka ɗauka muryar marasa murya ce ta fito. Baturiyar ta miƙe tsaye tana tafawa. Har na cikin allo suna tafawa daga ƙasashensu. Masu hoto suka rufe ni. Layin gaba kaɗai ne ba hannun da ya motsa. Yaya Dije ta mayar da hoton Baba cikin ɗankwali, ta ƙulle shi ƙulli biyu.

Kuma kada ku manta, ni na kawo su. Ni zan mayar da su.

Ban taɓa tuƙi mai tsawo kamar daga jami'a zuwa Tampouy ba, ni da na sha zuwa Lome da kaya. Ba mai tari. Alhaji Bawa yana gaba kusa da ni, ya buɗe baki sau biyu ya rufe. Wannan shirun nasa ya fi duk habaicinsa na shekara biyu zafi, don ranar ce na ga ya tausaya mini. Da na taka rami, Liman ya ce daga baya, "A bi a hankali, direba." Ban san ko da nufi ya faɗa ba, ban kuma tambaya ba.

Yaya Dije ta sauka a ƙofar gidanta, ta zagayo ta tagata. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Ta ce, "Ina ka zuba shi?"

Na ce, "Wani kwazazzabo ne a hanyar bayan dam, aka cike shi."

Ta ce, "Tsiren nan ni na yanka masa albasa." Ta shige gida. Tun daga ranar, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma ta bakin matata.

Bayan kwana biyu na je wurin Liman na tambaye shi hukuncin wanda ya ce amin a kan kansa, ko tana kama shi. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ka yawaita istigfari. Ka kuma rage zuwa jami'a." A tasha yanzu suna biyu gare ni. In sun ga fuskata a sake su ce "Tela, ina kwana," in sun ga a ɗaure su ce "Musa." Abin da na koya bai wuce biyu ba: takardar da ba ka iya karantawa ba, ka bari a karanta maka ko da jikanka ne zai karanta, kuma kafin ka ce amin, ka tsaya ka ji a kan wa ake addu'ar.

Isufu ya zo ranar Lahadi da hantsi, ya same ni a ƙofar gida ina wanke bas. Ya cire takalmi kamar yadda ya saba. Littafin yana hannunsa, ya rubuta wani abu a shafin farko.

Ya ce, "Yaya, ka gafarce ni, amma ka tsaya ka ji. Yana cikin takardar da ka sa wa hannu, a layi na biyu, cewa za a canza sunaye. Na ce in karanta maka, ka ƙi. Kuma kai ka ce kada kowa ya san maganar motar. In na bar sunan Baba, duk Zango za su bi zare su kamo ka. Don kai na raba labarin biyu. Ga kuma zamanin da muke ciki, mutum ya yi magana a kan hukuma da sunansa, ba ka san wanda zai buga masa ƙofa ba. Kwamitin jami'a ba zai taɓa yarda ba. Ni ma ba ni na kafa ka'idar ba."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya ƙara ba ni haushi. Na ajiye soso, na goge hannu a wando. Ban karɓi littafin ba.

Na ce, "Isufu, ka gama? To ka ji nawa. Takarda na sa hannu, jakancina ne, na ɗauka. Motar ma ni na tuƙa, ba kai ba. Amma ka san ban karanta takardar nan ba, kana kallona da tabaran allura. Ka ji da kunnenka abu ɗaya na roƙa. Da ka ce mini, Yaya, ko dai sunan Baba ko dai labarin mota, zaɓi ɗaya, da na zaɓa. Ba ka tambaye ni ba, don labarin motar ya yi maka daɗi, shi zai sa Turawa kuka. Kun yi littafi guda a kan mutanen da aka tasa ba a tambaye su ba, kai ma ka tashi ubana daga labarinsa ba ka tambaye ni ba. Katafila ta rushe gidan, ni na kwashe ƙasar, kai ka kwashe sunan. Mu uku ne. Sai dai katafila ba ta ci tuwon gidanmu ba."

Ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu.

"Ubanka ya sauka tashar Waga da tabarma ɗaya da buta, bai san kowa ba. Ya ce ina zan kwana, aka ce masa tambayi gidan Idi. Suna aka faɗa masa, Isufu, ba Malam Hasan ba. Da a ce mutanen tasha sun gyara tabarau sun ce masa ka'ida ta hana su faɗin suna, ka je ka tambayi kwamitinku a ina za a haife ka."